An Ce Na Toshe Taubashina

Tun da na yi wayo ban taɓa jin taubashina ya gaishe ni ba. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da aka kai aure wani ƙauye a bayan Rabah, kuma damina ɗaya ce tsakanin haihuwata da tasa. In sun zo Wurno ganin gida, tun daga zaure yake fara tambayar ina bawan gidan nan, ya zo ya karɓi takalmin ubangidansa. Ni kuma in fito ina tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe har akuyar ƙauye ta shigo. Manya su yi ta dariya suna ƙara zuga mu. A gidanmu ba a taɓa raba gardamar wane ne bawa wane ne ubangida tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba. Kakarmu takan ba ni gaskiya da safe ta ba shi da yamma, gwargwadon wanda ya kawo mata goro.

In watan Cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke bin juna shara, kowannenmu yakan nemo abu mafi muni ya aika wa ɗan'uwansa. Shi ya aiko mini da zangarniyar geron da tsuntsu ya gama da ita, a naɗe cikin tsumma kan tsumma. Ni in zaɓo masa ruɓaɓɓiyar albasa daga ƙasan rumbu. Haka muka girma, muka yi aure, muka haifa, ba mu daina ba. Na zama malamin sakandare a nan Wurno, shi ya tsaya a ƙauye yana noma da kiwo, da ɗan karatunsa na boko da ya ishe shi karanta waya.

Sai 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don kowa a yankinmu yana da irin nasa labarin. Shanu sun tafi, rumbuna sun ƙone, mijin gwaggo bai daɗe ba bayan haka ya rasu, baƙin ciki ya ƙarasa shi. Taubashina ya kwashi uwarsa da matarsa da 'ya'ya suka nufi Goronyo, inda wani abokinsa ya ara musu ɗaki ɗaya da rumfa. Ya shiga sayen kifi a bakin madatsar ruwa yana banda, yana kaiwa Sakkwato. Mahaifina ya riga ya rasu a lokacin, ni ne babba a gidanmu. Na yi masa maganar su dawo Wurno, ya ce ubangida ba ya zama a gidan bawansa. Na san abin da yake nufi, na ƙyale shi.

Abin da ya fi ƙona masa rai a Goronyo shi ne tausayi. Duk wanda ya gan shi sai ya sassauta murya ya ce Allah ya mayar da alheri. Ya taɓa gaya mini cewa ni kaɗai na rage da ke zaginsa, kuma in ya karanta zagina ne yake tuna cewa shi mutum ne ba ɗan gudun hijira kawai ba. Da dariya ya faɗa, amma na riƙe maganar. Hanya tsakaninmu ta lalace, ba a binta sai dole, don haka wasanmu ya koma cikin waya.

Wasan taubasai kuwa ba ya daɗi sai da 'yan kallo. Babban dandalin sada zumunta da muke yi a kai, a shekarar aka dakatar da shi a ƙasar nan. Ɗayan kuma cike yake da surukai da iyayen ɗalibaina, ba wurin da zan kira magidanci akuya ba ne. Ni na gano wani irin dandali da ba shi da mai shi guda ɗaya. Gidaje ne barkatai, kowa ya ga dama ya buɗe nasa, ka yi rajista a wanda ka so, amma kana iya magana da mutanen sauran gidajen. Na yi rajista a gidan wata baiwar Allah a ƙasar Turai, malamar makaranta ce kamar ni, don Allah take riƙe da wurin ba a biyanta. Na ce wa taubashina ya biyo ni. Don ya saɓa mini sai ya je ya shiga wani gida dabam na masu sha'awar kamun kifi da ƙugiya, ya kuma sauke manhaja dabam da tawa. Ya ce ba ya haɗa ƙofa da bawa.

Tun ranar farko na gane cewa mutanen da suka gina abin nan ba su taɓa zama wuri ɗaya sun yarda da sunan komai ba. Abin da manhajata ke kira gida, tasa tasha take ce masa. Wani abokin aikina da ya biyo mu, malamin lissafi, tasa manhajar ta bar shi da Turanci, wani wuri ta ce saba, wani wuri ta ce instans. In kana son ka yaɗa maganar wani, ni a wurina ɗagawa ne, a wurin taubashina sake aikawa, a wurin malamin lissafi wata kalma ce ta uku. Ni tauraro nake dannawa in abu ya burge ni, shi zuciya. Masu sa kai ne suke fassara manhajojin zuwa Hausa, wannan daga Kano, wancan daga Maraɗi, wani ma ina jin a ƙamus kawai ya san Hausar, kowa ya sa abin da ya zo masa baki. In ka tambayi masana abin, amsarsu ɗaya ce, wai ya danganta da manhajar da kake amfani da ita.

Ni mutum ne mai saurin hasala, ɗalibaina sun sani, kuma ba abin da ke tayar mini da rai kamar abu ɗaya da suna biyar. Na sha rubuta ƙorafi a kan haka. Shi kuwa abin dariya ya mayar da shi. In na ce ya ɗaga maganata, sai ya ce shi ba ɗan dako ba ne. In ya ce in zo tasharsu, in ce ba na hawa motar kifi. Hausawan da ke wurin ba su da yawa, malamai ne da 'yan jami'a, kuma suna jiran faɗanmu kamar yadda ake jiran mai fura da rana. A watannin nan na fi jin kusa da shi fiye da lokacin da yake ƙauye.

Damina ta yi nisa, watan Cika-ciki ya wuce, sai wata rana da azahar ya rubuto mini a fili, inda kowa zai gani:

"Kai bawa, share ɗakin ƙohwar gida, uwargijiyarka na nan tahe. In na iske ƙura ko kaɗan, ɗaure ka za ni yi in kai kasuwar Achida in saida ka, ko da kuɗin goro."

'Yan kallo suka yi ta dariya, amma ni ban yi ba. Na gane nan take. Ɗakin da aka ara musu yana yoyo, gwaggo tana fama da ƙafa, kuma mutumin da ya ce ubangida ba ya zama gidan bawa ya kai inda ba shi da yadda zai yi. Roƙo yake yi in karɓi uwarsa. Taubashi ba ya roƙo da muryar roƙo, umarni yake bayarwa, don kada shi ya ji kunya kada kai ka ji nauyi. Wannan shi ne amfanin wasan tun asali, duk wanda ya tashi a cikinsa ya sani.

Da na tashi daga makaranta na mayar masa:

"Bawa bai aiken ubangiji nai. Amma ɗakin gwaggo, ko ba ka hwaɗi ba nata na. Kawo ta, kai ko ka kwana wurin jaki."

Manhajata ta nuna an wallafa. Mutanen gidanmu na dandalin suka sa taurari. Na ajiye waya na kira mai gini ya duba rufin ɗakin.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tsakanin saƙonsa da amsata, matar da ke riƙe da gidanmu ta ga maganarsa. Ba ta jin Hausa, sai ta danna fassarar na'ura. Na'ura ta gaya mata cewa wani mutum yana kiran ɗaya daga cikin mutanenta bawa, yana cewa zai ɗaure shi ya kai kasuwa ya sayar. Ta san daga wane yanki nake, ta kuma sha karanta labarin satar mutane a wurinmu. Ta rubuta wa mai riƙe da gidan masu kifi, shi kuwa mutum ne da ya buɗe wuri ya yi tafiyarsa, ba ya amsa kowa. Sai ta yanke taubashina daga gidanmu gaba ɗaya. Amsata tana nan a shafina, kowa na gani, amma ba ta taɓa isa wurinsa ba.

Kwana kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a duk ƙananan hukumominmu saboda matsalar tsaro. Wurno, Rabah, Goronyo, ko'ina shiru. Mai son kira sai ya shiga mota ya nufi Sakkwato. Ni ban damu ba, don a ganina magana ta riga ta ƙare. Aka yaɓe ɗaki, aka sa sabon asabari, matata ta shimfiɗa tabarma ta ajiye randa. Kullum in na ji mota ta tsaya a bakin layinmu sai in leƙa. Mako ya bi mako ba su zo ba.

Shi kuwa, kamar yadda ya gaya mini daga baya, bai ga amsa ba kafin a katse layi, sai ya ɗauka ina dafa masa zagi mai kyau ne. Ranar da ya kai kifi Sakkwato, suna shiga inda waya ke kamawa, tun yana saman kaya a bayan mota ya buɗe. Bai duba kuɗin kifi ba, bai kira kowa ba, shafina ya fara nema. Manhajarsa ta nuna masa fili babu komai, da layi ɗaya a tsakiya, wai mai wannan shafi ya toshe ka.

Da jira ya ishe ni na ba wani direban da ke bin hanyar Goronyo saƙon baki, ya gaya wa bawana ɗaki ya fara tara sabuwar ƙura. Direba ya dawo ya ce ya same shi, ya ce a gaya mini an gode, an riga an yi wa tsohuwa wuri a Taloka, gidan ƙanen mijinta. Na sa direban ya maimaita. Ya rantse haka aka ce masa, an gode. Tunda muke bai taɓa gode mini a kan komai ba.

Sai da layi ya dawo na ga saƙon matar, yana can wani lungu da manhajata ke kira ambato na keɓe, wurin da ban saba dubawa ba, don ni saƙon sirri nake nema. Da ladabi ta rubuta. Ta ce ta ɗauki mataki don kare ni, in ina cikin haɗari in gaya mata. Na zauna na rubuta mata doguwar amsa da Turancina na aji, ina bayanin mene ne taubashi, raina a ɓace. Ta ba da haƙuri ƙwarai, kuma na yarda har zuciyarta ne. Amma ta ce ita ba toshe shi ta yi ba, dakatarwa ce, toshewa abu ne da mutum ke yi da kansa, akwai kuma taƙaitawa da rufe baki, kowanne da aikinsa. Ta ce ba ta san me ya sa manhajarsa ta kira abin toshewa ba, wannan ba daga gidanta ba ne. Ta ɗage dakatarwar a ranar, sai dai ta ce igiyar da ke tsakanin shafina da nasa ta riga ta tsinke, sai ya sake nemana da kansa. Na duba, ya daɗe da daina shiga.

Na kira shi ya ɗauka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce yana cikin hayaƙi zai kira. Bai kira ba. Ranar Asabar na shiga mota, duk da matata ba ta so ba saboda hanya.

Na same shi a wurin banda, ƙasa kaɗan da madatsar ruwa, yana juya kifi a kan waya, idanunsa sun yi ja. Yana ganina ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ɗauko tabarma ya kakkaɓe ya shimfiɗa a inuwa.

"Malam, sannu da zuwa. An zo lahiya? Ya hanya?" in ji shi.

"Kai bawa, mi yas same ka? Wa yak koya ma gaisuwa?" na ce.

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa, ya aika a kawo mini ruwa.

Na fito da wayata na nuna masa amsata, ga rana ga lokaci, ga taurarin mutane a ƙasa. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Sannan ya fito da tasa ya nuna mini hoton da ya ɗauka na shafina ranar a bayan mota, bai goge ba. Muka ajiye wayoyin biyu gefe da gefe a kan tabarma. Tawa ta ce an wallafa, tasa ta ce na toshe shi, saƙon matar ya ce dakatarwa. Na shiga bayani irin na aji. Gida dabam, tasha dabam amma abu ɗaya ne, mai riƙe da gida yana da ikon da ni ba ni da shi, dakatarwa ba toshewa ba ce, manhaja ce ta sa kalmar da ta ga dama. Ina yi ina jin muryata tana hawa, ina jin haushin mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda suka kasa zama su ba abu suna ɗaya. Shi yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, kamar uban ɗalibi da aka kira ofis.

Da na gaji na tsaya, ya ce:

"Na yarda, Malam. Ban ce ƙarya kaka yi ba. Amma ranar da nit tambaye ka ɗaki, amsad da nis samu ke nan. Da ita nika kwana da ita nika tashi har anka kai tsohuwa Taloka. Yanzu ka ce sunan abin daban na, to na ji. Sai dai ko na buɗe baki in zage ka, ji nikai awa roƙo nika yi."

Na so in yi faɗa, amma babu wanda zan yi da shi a wurin. Baƙin ciki ya cika ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce ƙauyensu ya tashi, don a ranar na san yana raye kuma zai zage ni.

Daga nan na wuce Taloka. Gwaggo tana wani ɗaki da aka raba biyu, rabi ita rabi buhunan albasa. Ba ta san komai ba, ɗan nata ce mata ya yi hanyar Wurno ba ta biyuwa. Na ce ta shirya mu tafi, ɗakinta na nan a gidan ubanta. Ta ce ƙafafunta sun gaji da ƙaura, a bar ta inda aka ajiye ta. Sannan ta tambaye ni me ya sa ba ta jin ɗanta yana karanto mata zagin da nake masa, da yakan karanta mata ta yi dariya har ta yi tari. Na ce mata layi ne ba kyau. A wannan ɗaki ta rasu kafin damina ta dawo. A wurin zaman makoki ya karɓi gaisuwata hannu biyu, ya raka ni har bakin mota kamar yadda ake raka baƙo.

Bayan wani lokaci malamin lissafi ya nuna mini cewa an sabunta manhajar da taubashina ke amfani da ita. An cire kalmar toshewa daga wurin, yanzu cewa take ba a iya kaiwa ga wannan shafi. Wani mai sa kai ne ya lura ya gyara, Allah ya saka masa. Matar da ke riƙe da gidanmu na dandalin ita ma ta ƙara layi a dokokinta cewa za a tambayi mutum kafin a kare shi, har ta nemi in ba ta sunan al'adar tamu da Turanci ta rubuta. Na ce mata ban san shi ba. Ina nan a gidan nata har yau, ban san dalili ba, ina dai shiga in ga ana gardamar ko ɗagawa za a ce ko yaɗawa, in fita.

Ɗakin ƙofar gida yara ne ke karatu a ciki yanzu. Matata ta mayar da randar kicin.

Da Cika-ciki ya zagayo na shiga rumbu na tono albasar da ta fi kowace ruɓewa, na naɗe ta cikin tsumma kan tsumma, na ba direban nan. Na yi kwana biyu ina jiran kan kifi ko ƙaya. Ranar kasuwa direba ya tsaya a bakin layinmu ya sauke kwali, a ɗaure da igiya sabuwa. Na buɗe a zaure. Manyan kifaye ne, zaɓaɓɓu, an banda su da kyau, babu ko ɗaya da ya karye. Na tambayi direba ko an ba shi wata magana. Ya ce e, an ce a gaishe da Malam da iyali, kuma albasa ta iso, an gode.